Masu Kula da Gidan da ke Sauya Hali Cikin Dare

Mai wayarin idan ya gama aiki ya gama. Ya ja waya, ya ɗaura makunni, ya gwada, ya karɓi kuɗinsa. Makunnin nan kuma yadda ya bar shi haka zai zauna shekara da shekaru, sai dai in ruwa ya shige shi ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi. Amma yana da wani ƙane a sana'a wanda bai samu wannan hutun ba, wato mai haɗa na'urorin gida masu karɓar umarni daga wayar hannu: ƙwan fitilar da ake rage wa haske daga kan gado, soket ɗin da ke kashe hita da kansa, makullin ƙofa mai lambobi, da 'yar na'urar da ake mannawa a taga ta sanar da mai gida in an buɗe. Kowanne daga cikin kayan nan yana ɗauke da wata 'yar manhaja a cikinsa wadda ke tafiyar da shi, kuma kamfanin da ya ƙera shi yana iya sauya ta daga nesa, ta iska, ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Abin da aka ɗaura ranar Talata yana iya wayar gari ranar Laraba da wani hali dabam, alhali ba wanda ya taɓa shi. Kuma wanda ya ɗaura ɗin za a kira, ba kamfanin ba.

A Amurka sana'ar ta kwana biyu. Tun 1989 masu yin ta suka kafa ƙungiyarsu mai suna CEDIA, lokacin da aikin na gidajen attajirai ne zalla, ana fasa bango ana binne wayoyi kafin a samu labule ya ja kansa. Arahar ƙananan rediyoyi ce ta sauko da ita ƙasa. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da ƙwayayen fitilarsa na Hue tare da ɗan akwatin da ke sarrafa su. IKEA ta Suwidin ta biyo sahu a 2017, sannan kamfanonin Sin irin su Sonoff da Aqara na Shenzhen da Tuya na Hangzhou suka cika kasuwa da kayan da matsakaicin ma'aikaci zai iya saye. A wajenmu, inda ake ganin aikin a sababbin gidaje da otal-otal na manyan birane, masu yinsa galibi daga wata sana'ar suke gangarowa: wannan daga wayarin, wancan daga haɗa sola, wani daga ɗaura kyamarorin tsaro. Wanda ya fito daga gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre ta Kano, shi ya fi saurin gane inda haɗarin yake, domin ya san fulashin. Ya san waya tana iya mutuwa a hannunsa in kebul ya goce ana tsakiyar zuba mata manhaja. Bambancin kawai shi ne a nan babu kebul, kuma sau da yawa shi kansa ba ya wurin.

Galibi komai yana ratsawa ne ta cibiyar gidan, wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ake jonawa da intanet. Ƙwan fitila da 'yar na'urar taga galibi ba su san intanet ba. Da yawansu suna magana ne da wani tsarin rediyo mai suna Zigbee, wanda wata haɗakar kamfanoni da aka kafa a 2002 ta tsara, aka kammala ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 2004. Zango ɗaya yake bi da Wi-Fi, wato gigahaz 2.4, amma tafiyar hawainiya yake yi: iyakar gudunsa kilobit 250 a daƙiƙa, kuma ƙunshin saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 127. Da gangan aka yi shi haka, don batir ɗan mitsitsi mai kama da kwabo ya riƙe na'ura shekara ɗaya ko biyu. Na'urorin da ke jone da wutar gida, irin su soket da ƙwan fitila, su ne ke miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan har ya kai ƙuryar gida, abin ya zama kamar raga. Masu batir kuwa barci suke yi kusan kodayaushe. Jifa-jifa suke farkawa su tambaya ko akwai saƙo, su koma.

Ta wannan siririyar hanya ce sabuwar manhaja za ta bi, kuma yadda take bi ɗin shi ne abin da ke raba gwani da ɗan koyo. Mutane suna zaton cibiya ce ke cusa wa na'ura sabon abu. A'a, na'urar ce ke roƙo. Lokaci-lokaci takan tuntuɓi cibiya ta faɗi lambobi uku: lambar kamfanin da ya ƙera ta, lambar nau'in manhajarta, da lambar zubin da take ɗauke da shi a yanzu. Cibiya ta duba abin da ke hannunta. In babu sabo, ta sallame ta. In akwai, ta gaya mata girmansa. Daga nan sai na'urar ta fara karɓa gutsure-gutsure, kowane gutsure sai ta nema da kanta, ta faɗi inda ta tsaya, a ba ta na gaba. A manhajar Zigbee2MQTT, wadda masu wannan aiki da yawa ke amfani da ita, tsarin da take zuwa da shi bayit 50 ne a kowane gutsure, da tazarar rubu'in daƙiƙa tsakanin ɗaya da ɗaya. A ce fayil ɗin kilobayit 300 ne. Gutsure 6,000 ke nan, minti 25 in komai ya tafi daidai. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan fayil sau da yawa, kuma cikin ƙiftawar ido kake tura shi, amma ƙwan fitila sai ya share kusan rabin awa yana kurɓa. Na'ura mai batir, wadda barci ke fizga tsakanin gutsure da gutsure, takan kwashe awanni.

Ba a taɓa tsohuwar manhajar duk tsawon wannan lokaci. Ana jibge sabuwar a wani gefe na ƙwaƙwalwar na'urar, tsohuwar tana ci gaba da aiki, shi ya sa fitilar ke kunnuwa tana mutuwa kamar ba abin da ke faruwa. Sai an gama karɓa sannan na'urar ta bincika ko fayil ɗin ya cika, ko kuma yana ɗauke da hatimin kamfaninsa, in dai kamfanin mai sa hatimi ne. Idan ta gamsu, sai ta kashe kanta ta sake tashi, wani ɗan ƙaramin shiri da ba a sauya shi ya ɗauki sabuwar ya ɗora a mazaunin tsohuwar. 'Yan daƙiƙoƙin nan na ƙarshe su ne siraɗin. Na'urar da aka ƙera da hankali, ko wuta ta yanke a nan, za ta sake gwadawa in ta dawo. Wadda aka yi wa ƙoron wuri a ƙwaƙwalwa don a rage farashi tana iya tafiya ke nan, ba ta ga tsohuwa ba ta ga sabuwa, sai dai a cire ta a sa wata.

A nan ne ƙasarmu ke shigowa cikin lissafi. Waɗanda suka tsara sabuntawa ta kai-tsaye, wadda ba ta jiran a danna komai, sun yi ta ne da tunanin gidan da wuta ba ta yankewa, shi ya sa dare ya zama lokacin da aka saba zaɓa: mutane sun kwanta, rediyo ya yi shiru, ba wanda zai damu in fitila ta ƙifta. A gidan da ke rayuwa kan sola da inbata kuwa, tsakanin ƙarfe uku na dare da asuba shi ne lokacin da batir ya fi galabaita, bayan fanka da firij sun kwana suna zuƙa. Ga canjin layi daga wutar gwamnati zuwa janareta, wanda ke ɗauke komai na 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka mai sana'ar da ya san inda yake zaune yakan juya tsarin: ya mayar da lokacin sabuntawa hantsi ko azahar, rana ta take, batir ya cika, masu gida sun fita. Cibiyar da rawutar intanet kuma ya tabbatar suna kan layin inbata, ba kan soket ɗin da ke mutuwa tare da unguwa ba. Ƙaramar dabara ce, ba ta cikin littafin da ke zuwa a kwali, amma a ganina ta fi rabin abin da ake biyansa dominsa.

Sauran abokan gabarsa na cikin gida ne. Akwai hannun da ya saba kashe fitila daga bango, na yaro ko na maigadi ko na Hajiya da kanta. Ƙwan da aka kashe daga bango ya fita daga raga, kuma in shi ne ke miƙa wa na'urorin ɗakin baya saƙo, su ma sun yanke, sabuntawar da suke ciki ta tsaya cik. Akwai bangon bulo da dakin da aka cika da rodi, waɗanda ke cinye siginar gigahaz 2.4 fiye da bangon katako na gidajen Amurka. Akwai Wi-Fi na gidan da na maƙwabta, masu ƙarfin murya, da ke danne ƙananan rediyoyin nan. Zigbee yana da tashoshi 16 a wannan zango, daga ta 11 zuwa ta 26, kuma gwanaye sukan zaɓi ta 15 ko 20 ko 25 don su ratsa tsakanin tashoshin da Wi-Fi ya fi zama. Har ramin USB na zamani a jikin kwamfuta yana fitar da hayaniyar da ke toshe kunnen rediyon cibiya in a can aka jona shi, shi ya sa za ka ga sun sa 'yar igiyar ƙari sun nesanta shi. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙazantar aiki ce. Na'ura mai batir kuma ba a fara mata sai an tabbatar batirin yana da ƙarfi, domin aikin da za ta yi a awannin nan ya fi wanda take yi a makonni. Kuma ba a sakin na'urori ashirin su nemi fayil a lokaci ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake bi, in ba haka ba ragar ta cushe, a danna makunni fitila ta yi ta nazari kafin ta amsa.

Duk wannan kula da hanya ce. Babbar tambayar ita ce ko abin da ke tahowa a kan hanyar alheri ne. Tarihin wannan kasuwa bai ba da tabbaci ba. A watan Agusta na 2017 kamfanin LockState na Amurka ya tura wa wani samfurin makullansa manhajar da aka rubuta wa wani samfurin dabam. Makullai kimanin 500 suka daina karɓar lambobi, suka kuma kasa komawa su yi magana da kamfanin, don haka gyara daga nesa ya gagara. Sai dai a kwance a aika musu ko a jira sabo. Da yawa daga cikin masu makullan masu ba da hayar ɗakuna ne ta Airbnb, waɗanda baƙinsu lamba kawai aka ba su, ba ɗan makulli ba. A watan Janairu na 2016, tsakiyar hunturu, wata sabuntawa da aka tura wa na'urar daidaita ɗumin ɗaki ta Nest ta riƙa zuƙe batirinta har ta mutu, mutane suka farka cikin sanyi. Akwai kuma sauyin da ba kuskure ba ne, niyya ce: a watan Disamba na 2015 Philips ya saki sabuntawar da ta hana cibiyar Hue karɓar ƙwayayen fitilar wasu kamfanoni, sai da masu saye suka yi ca sannan ya janye cikin 'yan kwanaki.

Mai jin wannan zai ce to a kashe abin mana, a bar kowace na'ura yadda ta zo. Akwai masu sana'ar da haka suke yi, kuma na fahimce su, domin na'urar da ba ta sauyawa ba ta jawo kiran dare. Sai dai wannan hutun na ɗan lokaci ne. A 2016 wasu masu bincike daga Cibiyar Weizmann ta Isra'ila da Jami'ar Dalhousie ta Kanada, cikinsu har da Adi Shamir, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro tsarin ɓoye saƙo na RSA, sun zaƙulo mabuɗin sirrin da Philips ke hatimce manhajar ƙwayayen Hue da shi. Mabuɗi ɗaya ne ga dukkan ƙwayayen samfurin. Da shi suka haɗa gurɓatacciyar manhaja wadda ƙwai zai karɓa a matsayin ta gaskiya, suka nuna tana iya tsallakawa daga ƙwai zuwa ƙwai, har suka ɗora kayan aikinsu a kan ɗan jirgi mara matuƙi suka kama fitilun wani bene daga waje. Ƙofar da aka yi don gyara ita ce ta zama ƙofar ɓarawo. Amma maganin da kamfanin ya fitar, ta wace hanya ya isa gidajen mutane? Ta wannan ƙofar dai. Wanda ya toshe ta ya zauna da cutarsa. A shekarar ce kuma, ranar 21 ga Oktoba, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara kyamarorin tsaro da rawutocin da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, ta afka wa kamfanin Dyn da su, manyan shafukan da ke dogaro da shi irin su Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san an yi yaƙi da kayansu ba.

Ba tsaro kaɗai ake samu ba. Ƙwayayen fitila masu wayo da yawa, in wuta ta yanke ta dawo, kunnuwa suke yi da cikakken haske, ko da a kashe aka bar su. Duk wanda ya taɓa kwana a garin da ake kawo wuta ƙarfe biyun dare ya san abin da wannan ke nufi ga mai jariri. A ƙarshen 2018 aka ba masu Hue damar zaɓar abin da ƙwai zai yi in wuta ta dawo, kuma ta sabuntawa wannan dama ta iso ga ƙwayayen da aka riga aka saya tun shekarun baya. Wanda ya rufe ƙofa bai samu ba.

Don haka gwanintar ba a kunnawa ko kashewa take ba, a rarrabewa take. Ƙwan fitilar baranda da soket ɗin talabijin, a bar su su sabunta kansu a lokacin da aka zaɓa musu, in sun lalace asarar kaɗan ce. Makullin ƙofa, da injin get, da abin da ke kunna famfon rijiyar burtsatse, waɗannan ba a sakar musu linzami. Cibiya ta sanar cewa sabo ya fito, mai aikin kuma ya dakata mako ɗaya ko biyu, ya karanta bayanin kamfani kan abin da aka sauya, ya saurari abin da ya samu waɗanda suka riga shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mai hali a cikin masu sana'ar yana da allon gwaji a shagonsa, ɗauke da guda ɗaya na kowane irin kayan da ya saba ɗaurawa, a kansa yake fara zubawa. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne na'urori da yawa ba sa yarda a mayar da su baya: da zarar sun karɓi zubi mai lamba sama, ba za su kalli na ƙasa ba. Ranar da za a taɓa makulli kuwa, yana tsaye a bakin ƙofar, ƙofar a buɗe, ɗan makullin ƙarfe yana aljihunsa.

Sai kuma rubutu, wanda shi ne abin da yaran shago suka fi ƙi. Kowane gida da shafinsa: wace na'ura ce a wane ɗaki, wane zubi take ɗauke da shi, yaushe aka sauya. Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da waya ta yi ƙara da sassafe.

"Injiniya, lafiya lau muka kwanta jiya, yau fitilar zaure ta ƙi jin magana."

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar in duba."

Wanda ke da rubutu, cikin minti biyar ɗin zai gane ko wani abu ya sauya cikin dare ko kuwa an kashe makunnin bango ne. Wanda ba shi da shi sai ya hau babur ya tafi lalube, kuma mai gida yana gane mai lalube ko bai san komai game da rediyo ba.

Wata wahalar ita ce inda fayilolin ke fitowa. Cibiyar kowane kamfani 'ya'yanta take shayarwa: ta Hue tana sabunta ƙwayayen Hue, ta IKEA tana sabunta kayan IKEA. Ƙwan wani kamfani da aka jona mata yana iya yin aiki, amma zai tsufa da manhajar da ya zo da ita. Gidajenmu kuwa tattare-tattare ne, abin da aka samu a kasuwa da abin da ɗan'uwa ya zo da shi daga Dubai. Shi ya sa masu sana'ar da yawa suka koma ga manhajojin da ba na kamfani ɗaya ba. Akwai Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, da Zigbee2MQTT ta Koen Kanters, dukansu 'yan Holan. Kanters yana riƙe da wani rumbu a shafin GitHub inda masu sa kai ke tara fayilolin sabuntawa na kamfanoni daban-daban, cibiya ta riƙa dubawa daga can. A irin wannan tsari na'ura takan sanar cewa sabo ya fito, amma ba a zubawa sai an ba da izini ko an rubuta ƙa'idar da za ta ba da izinin, wanda hakan ya dace da mai son riƙe linzami. Wasu kamfanonin suna sakin fayilolinsu a fili. Wasu ba sa bayarwa sai ta cibiyarsu, don haka za ka tarar da cibiyoyi biyu ko uku a jakar mai aikin: ya cire na'ura daga ragar gidan, ya jona ta da cibiyar kamfaninta, ta sha sabuntawa, ya mayar da ita. Mafi wuyar sha'ani su ne kayan da ba su da uba, waɗanda masana'anta ɗaya ke bugawa 'yan kasuwa goma su manna sunayensu. Kwali iri ɗaya, jiki iri ɗaya, amma abin da ke ciki ya bambanta daga wannan kaso zuwa wancan, lambobin da suke faɗa wa cibiya kuma wani lokaci iri ɗaya ne. Fayil ɗin da ya gyara wannan yana iya kashe wancan. Irin waɗannan, in suna aiki, ƙyale su ya fi.

An yi yunƙurin daidaita wannan rikici. Haɗakar da ta tsara Zigbee ta sauya suna a 2021, sannan a watan Oktoba na 2022 ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai suna Matter, da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung. A cikinta an tanadi yadda cibiyar wani kamfani za ta iya miƙa wa na'urar wani kamfanin sabuntawa, da wani kundi na bai-ɗaya inda masu ƙera kaya ke sanar da sabon zubi. Ci gaba ne. Sai dai ƙa'ida hanya take shimfiɗawa, ba ta iya tilasta wa kamfani ya zauna ya rubuta gyara ga kayan da ya sayar shekara biyar da suka wuce, balle ta hana shi mutuwa. A watan Mayu na 2016 Nest, wanda a lokacin ke ƙarƙashin uwar kamfanin Google, ya kashe sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke kan intanet, wadda cibiyar Revolv ke dogaro da ita, akwatin da mutane suka saya kan dala 300 ya zama kwalliya. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon ya rufe nasa sabobin ba sallama, sai bayan wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka tayar da shi. Tun daga nan tambayar farko da mai sana'a na ƙwarai ke yi wa kowace cibiya ita ce: in an yanke intanet, fitila za ta kunnu? A wurin da data ke ƙarewa kuma netwok ke rawa, wannan ba tambayar ranar tashin kamfani ba ce, ta kowane mako ce.

Hukumomi sun fara sa baki, a can dai. Tun 29 ga Afrilu 2024 dokar Birtaniya ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri ta gama-gari, ta kuma wajabta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa ba da gyaran tsaro. Wata doka makamanciyarta ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Disamba na 2024, manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni daga Disamba 2027, kuma ta nemi a riƙa tallafa wa kaya aƙalla shekara biyar, sai dai in kayan ba mai kaiwa haka ba ne. Kayan da aka ƙera don waɗannan kasuwanni za su iso mana da wannan gata. Waɗanda aka ƙera don inda ba a tambaya za su ci gaba da zuwa yadda suka saba, kuma mai ɗaurawa ne kaɗai shingen da ke tsakaninsu da bangon mai gida.

Inda sana'ar ta fi rauni a wajenmu shi ne wajen biya. Mun saba biyan abin da ido ya gani: an fasa, an ja, an ɗaura. Wa zai biya kuɗin mako biyun da aka yi ana jira, ko na sabuntawar da aka ƙi zubawa saboda an hango matsala? Aikin da ya yi kyau a nan ba ya barin alama. Masu dabara sukan raba ciniki biyu tun farko, kuɗin ɗaurawa dabam, kuɗin kulawa na shekara dabam, su bayyana wa mai gida abin da na biyun ya ƙunsa. Wanda bai yi haka ba zai tsinci kansa yana yi wa gidaje talatin hidima kyauta, ko kuma ya daina ɗaga waya, wanda shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ke ɓata wa sauran suna.

Akwai kuma amana, wadda ta fi ta mai wayarin nauyi. Mai iya sabunta makulli daga shagonsa yana iya buɗe shi daga shagonsa. Bayanan cibiya suna nuna lokacin da aka kashe fitilar ɗakin kwana da lokacin da gida ya zama ba kowa. Saboda haka asusun cibiya da sunan mai gida ya kamata a buɗe shi, da imel ɗinsa da lambarsa, mai aikin a ba shi izinin shiga wanda za a iya janyewa ranar da aka raba gari. Da yawa suna buɗewa da nasu don sauƙi, sai ranar da suka bar garin ko aka saɓa a kan kuɗi mai gida ya gane haya yake yi a cikin fitilunsa. Haka nan kwafin bayanan cibiyar, wanda ke ɗauke da mabuɗin sirrin ragar gidan, a zuba shi a filashi a damƙa wa mai gida, a kuma sabunta shi duk lokacin da aka ƙara na'ura. In tsawa ta ƙona cibiya kuma akwai kwafin nan, a mafi yawan lokuta sabon akwati za a sa a mayar da bayanan, na'urorin su dawo da kansu. In babu, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana sake gabatar da su ga sabuwar cibiya, da tsani da sukudireba, har da waɗanda aka binne a bayan makunni da waɗanda ke cikin silin.